Shin Gwajin ECG Kaɗai Zai Iya Gano Kumburin Zuciya a Jikin Yaro?

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara bakwai ya yi mura da zazzaɓi, bayan mako biyu kuma ya fara kukan ciwon ƙirji, ko ɗan gudu ya yi sai haki. An yi masa gwajin ECG, aka ce ana zargin kumburin tsokar zuciya, amma sai an ƙara wasu gwaje-gwaje. Shin wannan bai wadatar ba ne? Daga wata uwa.

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya. Likitocinsa sun yi daidai da ba su tsaya nan ba. Zuciya tana bugawa ne da wata 'yar wutar lantarki da take samarwa da kanta, kuma ita ce na'urar ECG ke zanawa a takarda bayan an manna wayoyi 10 a ƙirji da hannaye da ƙafafu. Idan ƙwayar bairos, irin su koksaki ko adeno ko fabo B19, ta kumbura tsokar, zanen kan canza: bugun ya yi saurin da ya wuce abin da zazzaɓi zai jawo, ko tsayin layukan ya ragu, ko tsarin bugun ya rikice.

Matsalar ita ce babu ko ɗaya daga cikin waɗannan alamu da ya keɓanta da wannan ciwo, domin tsoro da ƙarancin ruwa a jiki ma suna sa zuciya sauri, kuma akan sami yaron da ke da kumburin amma takardarsa ta fito lafiya lau. Ga shi kuma karanta ta yaro daban yake da ta babba. Jaririn da zuciyarsa ke bugawa sau 140 a minti lafiyarsa ƙalau, alhali ga babban mutum da ke zaune wannan abin dubawa ne, shi ya sa nake fi son likitan yara ya karanta ta.

Saboda haka za a auna sinadarin turofonin a jini, wanda ke ƙaruwa idan tsokar ta ji rauni, a ɗauki hoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da na'ura mai amfani da sauti, don ganin ƙarfin matsawar zuciyar, wani lokaci har da hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'ura mai maganaɗisu. Idan ciwon ya tabbata, a hana shi ƙwallo da guje-guje na wata 3 zuwa 6, ko da ya ce ya warke. In kuwa ya suma, ko numfashi ya yi masa wuya, a garzaya da shi asibiti nan take.