Karen gadi ma yana son a fita da shi

Malam, ka ce karenka na gadi ya addabi gida da haushi da tonon ƙasa, kana neman wasan da za ku riƙa yi tare. Zaman wuri ɗaya ne ya ishe shi, ba rashin ji ba ne.

Ku fara da tattaki. Bayan sallar asuba ka sa masa igiya a wuya ku zaga rabin awa. Ni a Malali nake, nakan gangara da nawa wajen bakin kogin Kaduna kafin gari ya waye sosai. A Maris da Afrilu kada ka fita da shi da rana. Ka ɗora bayan hannunka kan kwalta, in ka kasa jurewa, tafin ƙafarsa ma ba zai jure ba. Kare da haki yake rage zafin jiki, sai ka riƙe masa ruwa.

Wasan da ya fi gajiyar da nawa ba gudu ba ne. Nakan kife kwanuka uku, in ɓoye ɗan guntun ganda ƙarƙashin ɗaya. Sai ka ga yana sunsunawa yana kaɗa bindi har ya ture na daidai da hanci. Jifan tsohuwar ƙwallo ma yana yi.

Amma kafin komai ka kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafin haukan kare, a riƙa maimaitawa duk shekara. Da damina ka duba kunnuwansa saboda kaska. Kuma kada ka sake shi kusa da masallaci ko makarantar allo, maƙwabta na gudun yawunsa a tufafinsu.