Amsar Tambayarka Kan Kyarkeci da Al'adar Makiyaya

Ɗana, saƙonka ya iso, na gode da gaisuwa. Ka tambaye ni ko gaskiya ne al'adar makiyaya ce su kashe kyarkeci duk inda suka gan shi, har ta kai ga ya ƙare a wurare da yawa. Ramuwa dai tana nan, wanda aka ci wa akuya ba ya yin dariya. Amma in ka ɗora wa al'ada laifin duka, ka zalunce ta.

Fara sanin dabbar tukuna, don yaran yanzu suna haɗa shi da kura ko dila. Kyarkeci, wato karen dajin Afirka, dabbare-dabbare ne, baƙi da fari da ruwan ƙasa, ga manyan kunnuwa, yatsu huɗu a kowace ƙafa. Ƙungiya suke yi, kuma galibi mace ɗaya ce ke haihuwa, ta zuba 'ya'ya kamar goma a tsohon ramin dabgi. Sauran su fita farauta da sassafe da kuma yamma, su dawo su amayo wa uwa da 'ya'yan nama. Wata uku ke nan suna daure da wannan rami. Bayan haka sai yawo, ƙungiya ɗaya ta kewaye daji mai faɗin ɗaruruwan murabba'in kilomita. To wane gandun daji ne zai riƙe mai irin wannan ƙafa?

Ga kuma abin da mutane ba su lura da shi ba. Cikin gandun, inda nama ya fi yawa, nan zaki ya fi yawa, shi kuwa zaki yana kashe kyarkeci, babba da ƙarami. Kura kuma ta bi su ta ƙwace abin da suka kama. Shi ya sa sau da yawa sukan bar wuri mai ni'ima su koma gefe, cikin duwatsu da sarƙaƙiya, ko da kusa da mutane ne. Ba son mutum suke yi ba. Sun auna ne, sun ga zaki ya fi kusa da wuyansu.

A nan al'ada ta shigo. A arewacin Kenya, yankin Laikipia da Samburu, kyarketai sun ɓace shekara da shekaru, sai wajen 2000 suka dawo da kansu, suka yaɗu a ƙasar kiwo wadda ba gandu ba ce. Masu bincike, ciki har da Rosie Woodroffe, sun bi sawunsu, suka ga ba kasafai suke taɓa dabbobin gida ba matuƙar akwai naman daji, musamman wata 'yar mitsitsiyar gada da ake kira dikdik. Mutanen Samburu da Masai kuwa bisa al'ada ba maciya naman daji ba ne sosai, nono da garkensu suka dogara da su. Suna keɓe wani yanki na daji don kiwon rani, ba a zama a ciki. Garke ba ya fita ba makiyayi, dare kuma a shinge yake kwana. Tunda kyarkeci da ido na ganin ido yake farauta, kuma yana gudun mutum, makiyayi a tsaye da sandarsa ya ishe shi. Inda aka cinye naman daji da tarko, aka saki tumaki ba mai bi, nan ɓarna take maimaituwa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kisan ƙare dangi kuwa ba daga makiyayi mai sanda ya fi zuwa ba. Hukumomin zamanin mulkin mallaka sun sa kyarkeci cikin jerin dabbobin ɓarna, ana harbe shi har cikin gandun daji, wai don a kare barewa. A Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yau, an kashe dubbai, aka ci gaba har shekarun 1970. Sai guba ta zo, da zargen waya da ake ɗana wa gada ya shaƙe shi, da motoci a kan kwalta. Tun 1990 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, kuma ta ƙiyasta cewa manyansa kimanin 6,600 ne suka rage a Afirka duka. A yammacinta, in ka cire 'yan kaɗan a gandun Niokolo-Koba na Senegal, da wuya ka ji labarinsa.

Wuri ɗaya ne zan yarda al'ada ta gaza, shi ne karen gida. Muna sake shi ya bi garke, ba allura ba komai, ya kwaso haukan kare ya kai daji. Dabbar da ke lasar bakin 'yan uwanta kullum, ɗaya ya kamu duk sun kamu. Kyarketan gandun Serengeti na Tanzaniya sun ɓace a 1991, cuta na cikin abin da ake zargi. Na Laikipia ma, a 2017 wata cutar karnuka da ake kira distamfa ta kusa share su. Kakanninmu ba su san allurar rigakafi ba, ku kun sani. Karen nan naka da ka ce ka samo, an yi masa?

Ka gaishe da mahaifiyarka.

Kawunka.