Kana jiran ka ga baƙin tabo kafin ka yi feshi?

Ka tambaye ni ko sai ka ga tabo a ganyen kumin, shukar nan da ake sa 'ya'yanta a girki don ƙamshi, za ka ɗauki famfon feshi. Yaro, ranar da idonka ya ga tabon, an riga an ci ka da yaƙi. Cutar ƙunar nan mai kawo tabon fangas ne, wato irin ƙwayar cutar da ke sa fumfuna, da ake kira Alternaria burnsii, lokacin fure yake kamawa, in gari ya yi lumshi, raɓa ta kwana a ganye. Maganin feshin da ake kira mancozeb kuwa kariya ne, ba ya tayar da abin da ya ƙone. Giram 2 zuwa 2.5 a litar ruwa, ka fara wajen kwana 35 zuwa 40 da shuka, ka maimaita duk kwana 10 har sau huɗu. Ba zan tsaya koya maka awon ruwa ba, ba jariri ba ne kai.

Ni wani mai sayar da magani ya cuce ni, har gobe ban yafe ba. Na je sayen mancozeb, ya ce me zai sa in wahalar da bayana da feshi huɗu, ga wata kwalba, in cutar ta fito feshi ɗaya ya isa. Kwalbar ko takarda babu a jikinta. Rowa ta ja ni na karɓa, na zauna ina jira. Fure ya buɗe, gonar gwanin sha'awa, sai hadari ya rufe kwana uku ba rana. Bakin ganye ya fara yin ruwan ƙasa, kawuna suka sunkuya. Na fesa abin nasa, kamar na zuba ruwan wanki. Cikin mako guda gonar ta yi baƙi ƙirin, 'ya'yan suka yamushe, ba nauyi ba ƙamshi. Da na koma masa, sai ya ce wai ni ne ban iya feshi ba. Ni! Da na fara noman nan tun bai san hannun damansa ba.

Ku yaran yanzu waya kawai kuka sani, ba ku ɗaga kai ku dubi sama. In ka ga lumshi, dakatar da ban ruwa. In cutar ta riga ta leƙo, nemi maganin difenoconazole mai takarda da kwanan wata, shi yana ratsa jikin shuka. Kuma ka daina feshi in girbi ya matso, don masu saye suna gwada ragowar magani a jikin 'ya'yan.