Me ake nufi da "in the limelight"?

Tambaya: Malam, ina yawan ganin jaridun Turanci suna cewa wani ɗan siyasa ko mawaƙi yana "in the limelight". Mene ne ma'anarsa, kuma shin yana da alaƙa da lemun tsami? (Daga wata ɗaliba a Zariya)

Amsa: Malama, babu ruwan lemun tsami a wannan magana. Kalmar "lime" a nan farar ƙasa ce da aka ƙona, kuma asalin furucin wata fitila ce ta ƙarni na 19. Akan hura wutar da aka haɗa da iskar oksijin da haidirojin a kan curin farar ƙasa har ya yi zafi ainun, sai ya riƙa fitar da farin haske mai kashe ido. Injiniya Thomas Drummond, ɗan ƙasar Sikotland, ya yi amfani da ita wajen aikin safiyo a Ailan, sannan a 1837 aka haska dandalin wasan kwaikwayo na Covent Garden da ke Landan da ita. Wani ma'aikaci ne yakan zauna yana juya hasken yana bin babban ɗan wasa duk inda ya taka, har 'yan kallo su manta da sauran da ke kan dandali. Wutar lantarki ta kori fitilar tun ƙarshen wancan ƙarni, amma furucin ya zauna.

Saboda haka, idan aka ce mutum yana "in the limelight", ana nufin idon duniya yana kansa, ana ta yayinsa a jaridu da rediyo. Ki lura cewa wannan ya bambanta da shahara mai ɗorewa, domin marubucin da kowa ya san sunansa yana iya janye jikinsa daga idon jama'a, sai a ce ya koma "out of the limelight". Wanda kuma ya janye hankalin taro daga kan mai taron, kamar ƙawar da ta fi amarya ado, shi ake cewa ya yi "steal the limelight". Idan bincike ko tuhuma ake nufi, Turawa sun fi cewa "under the spotlight".

Abin da nake so ki kiyaye, musamman a jarrabawa, shi ne kalmar "the". Jaridun Najeriya sukan rubuta "came into limelight", amma a daidaitaccen Turanci "came into the limelight" ake cewa.