Amsa ga mai tambaya kan karyewar haƙoran gaba

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah Ya ƙara wa yaro lafiya. Kin ce ɗanki mai shekara 14 ya faɗi da keke, haƙoransa biyu na sama sun ɓalle, ɗaya har rabi, kuma tunda zafin ya lafa kina tunanin ko a bar su ko a cire. Na daɗe ina taimaka wa likita a sashen haƙori, kuma roƙona shi ne kada ki yarda a cire, kada kuma lafawar ciwon ta sa ki zauna.

Haƙorin da ya bugu yana iya yin shiru wata da watanni alhali jijiyar cikinsa tana mutuwa, sai daga baya a ga ya fara yin duhu ko ƙurji ya fito a dasashi, shi ya sa likita zai fara ɗaukar hoto don ya ga ko saiwar ta tsage. Wanda ya ɗan ɓalle ba shi da wuya, farin ciko mai launin haƙori ake ɗorawa a zama ɗaya. Mai rabin ne abin damuwa: idan kin hangi ɗigon ja a tsakiyarsa, jijiya ta buɗe, kuma da an yi sauri ana iya rufe ta a ceto ta, amma in an makara dole a kwashe ta, a cike ramin, sannan wani lokaci a sa wa haƙorin hula, wato murfin da ake rufe shi da shi. Idan guntun yana hannunki, ki saka shi cikin madara ki tafi da shi, domin sau da yawa ana liƙa shi ya zauna daram.

Yaro ya wuce famfara, abin da aka cire ba zai sake tsirowa ba, kuma ba a yin dashen ƙarfe a muƙamuƙi sai ƙashi ya gama girma, wato zai shafe shekaru da giɓi ko haƙorin roba. Na ga samari da suka daina dariya a gaban mutane saboda haka, abin yana taɓa ni ƙwarai.

Idan kina kusa da Kano, akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Kafin ku je, ya daina gatsar rake ko ƙashi, ya riƙa kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, kuma ki tambayi likita batun allurar tetanus idan ciwon ya taɓa ƙasa.