Amsar muryar ɗan Gwaggo kan resilin da littattafan zane

Ga muryar da Yaya ya turo daren jiya, na rubuta ta saboda masu cewa ba su da datar saukewa.

Assalamu alaikum jama'ar gida. To ɗan Gwaggo na saurari muryarka tun da la'asar, ina kan hanya ne shi ya sa ban tanka ba. Wai ka ce ƙato da ni da furfura a gemu ina zama da yara muna kallon resilin alhali wasan ƙarya ne, kuma ina ɓarnar kuɗi wajen saya musu littattafan zanen su Spider-Man. To bari in ba ka amsa, ka gyara zama don ba gajeriya ba ce.

Da farko dai wannan sirrin da kake ganin ka tono, su masu abin da kansu suka faɗa tun 1989. Kamfanin WWF na Vince McMahon ya je gaban majalisar jihar New Jersey ya ce a daina lissafa mu da wasannin gasa, mu nishaɗi muke sayarwa, don su kuɓuce wa dokokin hukumar wasanni da kuɗin da ake karɓa. Ka ga kenan ka makara da shekara talatin da ɗoriya. Eh, an san wanda zai ci tun kafin a hau dandali, an san wanda zai zama mugu, an san wanda za a tafa wa. Amma ɗan Gwaggo, faɗuwar fa? Ita ba a rubuta ta a takarda. Ka nemi wasan Undertaker da Mankind na 1998 a Pittsburgh, wanda aka yi cikin keji. Mankind aka wurgo daga saman kejin nan, wajen ƙafa 16, ya faɗo kan teburin masu sharhi teburin ya wargaje, aka ɗora shi a gadon ɗaukar marasa lafiya za a fita da shi, bawan Allahn nan ya sauko ya sake hawa kejin, aka sake maka shi rufin ya ɓurma da shi ya faɗo tsakiyar dandali, da kamara ta matso sai ga haƙorinsa maƙale a hancinsa, wallahi haƙori a hanci. Shi kansa Undertaker da karaya a ƙafa ya yi wasan. Shekarar da ta biyo baya kuma Owen Hart ya faɗo daga rufin filin wasa a Kansas City yana saukowa da igiya, bai tashi ba. To kai da ka zame a banɗaki bara muka yi sati biyu muna zaryar dubiya, kai ne za ka ce ƙarya?

Kai ku rage ƙarar talabijin ɗin nan ina magana.

Yauwa. Sai maganar littattafan. Abin da ba ka gane ba shi ne su biyun nan uwa ɗaya uba ɗaya ne. Shi Spider-Man ɗin da kake rainawa, fitowarsa ta farko a 1962, Stan Lee ya rubuta Steve Ditko ya zana, ka san inda yaron ya fara gwada ƙarfinsa bayan gizo-gizo ya cije shi? Dandalin resilin. An sa dala 100 ga duk wanda ya iya minti uku da wani ƙato mai suna Crusher Hogan, yaro ya rufe fuska don kada a yi masa dariya in ya sha ƙasa, ya shiga ya ɗaga ƙaton sama. Da aka zo yin fim ɗin a 2002 kuwa Macho Man Randy Savage aka ɗauko ya fito a ƙaton. Shi kuma Hulk Hogan namu da muka taso muna yaga singileti saboda shi har Inna ta zane mu, sunan Hulk ɗin nan na kamfanin Marvel ne, masu buga littattafan Spider-Man, sai da aka zauna aka yi yarjejeniya a 1984 ana biyansu kafin ya ci gaba da amsa shi. A 2025 ya mutu yana da shekara 71, ranar na daɗe shiru, sai tuno shi nake yana ɗaga André the Giant a 1987, mu kuma bayan shekaru muka gani a kaset ɗin bidiyo na haya mun cika ɗaki ana zufa.

Amma wanda ya fi burge ni duk cikinsu ɗan Meziko ne, El Santo. Shi mutum ne mai rai yana kokawa da hular rufe fuska mai launin azurfa, sai aka mai da shi littafin zane tun 1952 ana ta bugawa shekaru sama da talatin, yara su karanta shi yana faɗa da dodanni da rana, da dare su je su gan shi da idonsu yana zufa. Bai yarda an ga fuskarsa a bainar jama'a ba sai kwanaki kaɗan kafin mutuwarsa a 1984, kuma da hular aka binne shi. Ka ji mutumin da ya riƙe labarinsa har kabari. Yanzu ma ai hanyar ba ta toshe ba, Batista da John Cena da The Rock duk sun fito a finafinan da aka ciro daga waɗannan littattafan, don aikin ɗaya ne, kaya masu walƙiya, suna mai ban tsoro, da wani bugu guda da kowa ke jira.

Ka ce gara kokawar gaske irin ta Nijar. Ai ban musa ba, ni ma in ana gasar Takobi ba na motsi, na ga yadda Issaka Issaka na Dosso yake kai maza ƙasa, wannan ba wanda ya rubuta masa. Amma ka lura da abin da ke tayar maka da tsikar jiki tun kafin a kama, kiɗa ne da kirari da layu da taku. Ɗan dambe in ya ɗaga hannu yana kirari yana cewa shi ne kaza shi ne kaza, ka taɓa tsayar da shi ka ce malam kawo shaida? To abin da ɗan resilin yake yi da makirfo kenan. Kuma da Gwaggo take mana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a tsakar gida kai ne kake fara kuka in kura ta kusa kama Gizo, ba ka taɓa cewa ƙarya ba ce sai da ta ce ƙurunƙus.

Ni a 2014 da Brock Lesnar ya karya tarihin Undertaker, bayan shi Undertaker ya ci wasa 21 a jere a WrestleMania, babban taron resilin na shekara-shekara, na san shiri ne sarai, amma alƙali na buga na uku na miƙe tsaye riƙe da kai kamar an yi mini sata. A 2019 kuma da Kofi Kingston, haifaffen Kumasi, ya ɗauki kambun WWE, wato WWF ɗin da aka sauya wa suna, a hannun Daniel Bryan, ihun da muka yi ni da yaran nan sai da maƙwabci ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce lafiya. Abu ɗaya da na kafa musu doka a kai shi ne ba a gwadawa a kan katifa, tun ranar da ƙaramin ya hau kan kujera zai diro wa yayarsa.

Kuma maganar ɓarnar kuɗi, a gwanjo nake tsinto littattafan, kuma babban da malaminsa ke kuka ba ya son karatun Turanci yanzu shi yake karanta wa ƙannensa yana fassara musu. Af, na tuna, guda uku da ɗanka ya ara tun ƙaramar sallah har yau ba su dawo ba, kuma Hajiya ta ce ta ga ɗaya a ɗakinka ƙarƙashin filo, ba a ɗakin yara ba. Ka ba wa direba ya taho da su ranar Juma'a. A gaida Gwaggo, a ce mata ina nan tafe.