Ina yi wa ma'aurata nasiha, amma yaji bai ƙare ba

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni malamar Islamiyya ce a Mabera. Matan unguwa kan kawo mini kukansu, wani lokaci maigidan ma ya biyo baya. Sai in yi musu nasiha su tafi, bayan wata biyu matar ta sake yin yaji. Shin akwai karatun wannan aiki?
Wata malama, Sakkwato

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri. Akwai, kuma ina so ki neme shi. Ko Nana Asma'u sai da ta karantar da jajis, wato malamai mata masu yawon koyar da mata, kafin ta tura su ƙauyuka.

Yawancin masu zuwa wurinki sun san haƙƙin miji da na mata, sun sha ji a wa'azi. Abin da suka rasa shi ne wanda zai saurare su duka biyu bai zama alƙali ba. Wannan ne ya fi wuyar koyo, domin matar ɗalibarki ce, zuciyarki na tare da ita, kuma maigidan zai gane haka tun daga gaisuwa.

John Gottman, masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, ya daɗe yana nazarin gardamar ma'aurata. Ya ware abubuwa huɗu masu rusa aure: sukar halin mutum, raini, kare kai, da yin gum. Raini ya fi muni. A gidajenmu shi ne tsaki, harara da gori. Horo zai koya miki lura da su yayin da suke magana, ki tsayar da zancen, ki sa kowa ya maimaita abin da ya ji kafin ya mayar da martani.

Ki fara ganin kowannensu shi kaɗai. Idan akwai duka ko tsoro, kada ki haɗa su zama ɗaya. A sa manyan dangin ɓangarorin biyu, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta nuna, a fara tabbatar da tsaronta. Shaye-shaye ko ciwon damuwa kuwa aikin likita ne, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware.

Ki je tsangayar ilimi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ki tambayi malaman fannin ba da shawara. Ki roƙi ɗaya daga cikinsu ya riƙa bibiyar aikinki, kina kai masa matsalolin ba tare da sunan kowa ba.